Asibitin Gwamnati Ko Na Kuɗi: Ina Mutumin Ƙauye Zai Kai Mara Lafiyarsa?

Bayan an sayar da riɗi a kakar da ta wuce, ƙanena ya same ni a zaure da 'yar takarda a hannu. Wasu ma'aikata ne suka zo ƙofar gidan dagaci suna bayani a kan taimakekeniyar lafiya ta jiha: ka biya kuɗin shekara, a ba ka kati, in ciwo ya zo ka je asibitin gwamnati a duba ka. Ya ce, "Yaya, in zuba kuɗin nan a wurinsu, ko in je Gujungu ranar Lahadi in sayo akuya in ɗaure? In ciwo ya zo sai in sayar in kai su asibitin kuɗi, ba layi, ba wulaƙanci." Ban ba shi amsa a ranar ba, don ni kaina tambayar ta daɗe tana cina. Abin da muka tattauna daga baya, a zama uku ko huɗu, shi na tattaro a nan.

Gardamar ba a majalisarmu aka fara ta ba. Ingila ta buɗe tsarinta na kiwon lafiya na gwamnati, wato NHS, ranar 5 ga Yuli, 1948, a hannun ministan lafiya Aneurin Bevan. Kowa ya je ganin likita ba ya sa hannu a aljihu, haraji ne ke biya. Shekara uku ba ta cika ba kuɗi suka fara gazawa, aka sa caji a kan tabarau da haƙoran roba, Bevan ya yi fushi ya fice daga gwamnati a 1951. A 2023 jerin jiran magani da tiyata a Ingila ya haura miliyan 7. Amurka kuwa ta bar yawancin harkar a hannun kamfanonin inshora da asibitocin 'yan kasuwa, sai dai tun 1965 gwamnati ke ɗaukar nauyin tsofaffi daga shekara 65, kuma Obama ya faɗaɗa inshora da dokarsa ta 2010. Amurkawa suna kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara a kan lafiya, amma har yau akwai wanda kwanciya ɗaya a asibiti ke jefa shi bashin shekaru. Masu sukar tsarin gwamnati a can suna cewa: abin da aka ce kyauta ne jama'a kan yi masa yawa, sai jira ya zama shi ne farashin, ma'aikacin da albashinsa zai shigo ko ya yi fara'a ko ya yi tsawa ba shi da dalilin lallashinka, kuma asibiti kan koma hannun 'yan siyasa.

Duk waɗannan na yarda da su, don na gan su da idona. Inda muka rabu da Turawa shi ne su suna zaɓe tsakanin asibiti da asibiti. A ƙauyenmu in aka ce "na kuɗi", tara cikin goma kemis ake nufi. Asibitin kuɗi mai likita da ɗakin tiyata sai ka shiga Dutse, ko Haɗeja, ko ka miƙe Kano. Ɗan kasuwa ba ya gina asibiti inda mutane ke ganin kuɗi sau ɗaya a shekara. Saboda haka abu uku ne a gaban ƙanena: asibitin gwamnati, kemis na bakin kasuwa, da asibitin kuɗi na birni.

Na gwamnati hawa uku ne. Ƙaramin asibiti na mazaɓa, babban asibiti na jiha, sai na tarayya kamar na Birnin Kudu ko na koyarwa na Malam Aminu Kano. Wanda muke kira likita a ƙaramin asibiti galibi ma'aikacin lafiya ne na matakin farko, irin waɗanda ake horarwa a makarantar Jahun. Kada a raina shi. Ya san awon ciki, ya san rigakafi, ya iya gwajin zazzaɓin cizon sauro da ɗigon jini, kuma an koya masa ya gane ciwon da ya fi ƙarfinsa ya tura gaba. Wannan na ƙarshen shi ne babban abin da ya raba shi da mai kemis.

Ga abin da na gani. A damina biyu da suka wuce matar wani ɗan baffana ta fara naƙuda bayan isha. Ƙaramin asibitinmu yana da sabon fenti, yana da allon suna, yana kuma da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ungozomar da aka turo mana a cikin gari take kwana, kuma ban ga laifinta sosai ba: babu ɗakin kwana, babu ruwa, babu wuta, ita kaɗai ce a wurin. Aka yi ta fama a gida har jini ya ɓalle. Muka shimfiɗa katifa a bayan kurkura, mata biyu suka riƙe ta, muka bi burji ruwa ya cinye rabinsa. Wajen ƙarfe biyu na dare muka isa wani babban asibitin gwamnati. Nas ta haska fuskarta da fitilar waya, ta ja fatar idonta ƙasa, ta juyo ta ce, "Ba ta da jini. Ku maza nawa kuka zo?" Mu uku aka gwada, biyu suka dace. Sannan aka miƙo mana takarda: safar hannu, ledar jini, ruwa leda uku, zaren ɗinki, allurai iri biyu. A tagar magani ta asibiti aka ce rabi babu. Ni na tsallaka titi na yi ta dukan ƙofar wani kemis har mai shi ya fito da zane a wuya. Likita ɗaya ne tal a asibitin a daren nan, idonsa ja wur, ya shiga da ita ɗakin tiyata kafin kiran assalatu. Uwa ta rayu, jaririya ta rayu. Ragon da aka tanada don suna kuwa tun ranar Alhamis aka kai shi Maigatari.

Duk lokacin da gardama ta kaure a majalisa wannan daren nake tunawa, don kowane ɓangare zai iya kafa hujja da shi. Mai zagin gwamnati zai nuna kwaɗon nan da takardar sayo-kaza-sayo-kaza. Ni kuma sai in tambaye shi: wa ya yi tiyatar? Babu kemis a duniya da zai fid da ɗa daga ciki. Da kuma asibitin kuɗi muka nufa, tafiya ta ninka, kuma kafin a taɓa ta sai an ajiye kuɗin da ba mu da ko rabinsu a daren.

Me ya sa tagar magani take zama fanko? Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kowace ƙasa za ta ware kashi 15 cikin 100 na kasafinta ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa kaiwa nan ba. Dokar lafiya ta 2014, wadda Jonathan ya sa wa hannu, ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Manufar ita ce kowace mazaɓa ta sami ƙaramin asibiti guda mai aiki, Jigawa kuma mazaɓu 287 gare ta, Kano 484. Gini ya fi sauƙi, don ana yanke ƙyalle a ɗauki hoto. Albashin ungozoma ta biyu, da man janareto, da cike kantin magani duk wata, su ba su da ranar buɗewa. Shi ya sa har yanzu fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa yake fita kai tsaye. Wato ko a asibitin gwamnati, kalmar "kyauta" tana nufin ba ka biya ladan likita ba, amma sauran kaya naka ne.

Ga kuma yajin aiki. A 2021 likitoci masu neman ƙwarewa sun shafe kusan wata biyu ba sa aiki. Ga ƙaura: wanda ya ƙware sai ka ji yana Saudiyya ko Ingila, wanda ya rage kuma yana neman a mayar da shi birni. Sai halin wasu ma'aikata. Tsohuwa ta taso tun asuba ta yi layi, a daka mata tsawa a gaban jikokinta don ta manta kati. Na san mutanen da tsawa ɗaya ta raba su da asibiti har abada. Wannan ba ƙaramar illa ba ce, don wanda ya daina zuwa awo saboda an ci masa fuska, shi ne za a kawo a kurkura da tsakar dare.

To, mai kemis fa? Ba zan zage shi ba, don ya rufa mana asiri sau ba adadi. Yana buɗe har sha ɗayan dare, in ya rufe ka san gidansa. Ya san sunan 'ya'yanka, yana zuwa sunanka da jana'izarka, yana ba da bashi zuwa kaka. Babu asibitin gwamnati da zai yi maka haka. Amma ka tsaya gefen kantarsa rabin awa ka ga yadda ciniki yake. Mutum zai zo ya ce, "Ba ni maganin zazzaɓi na ɗari biyar." Ba a tambayi kwana nawa ba, ba a taɓa jiki ba, sau da yawa ma mara lafiyar yana gida kwance. Sai ya ɗauki almakashi ya yanko ƙwaya huɗu daga wannan, kafso biyu daga wancan, ya haɗa da farasitamol ya ƙulle a leda. Kuɗinka ne ya auna maganin, ba ciwon ba. Alhali cikakken maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem ga babba ƙwaya 24 ne, huɗu da safe huɗu da dare har kwana uku. Ƙwaya huɗu za ta kwantar da zazzaɓi, bayan sati biyu ya dawo, a ce ai maganin bature ba ya jin mutum.

Lasisin da doka ta ba irin wannan kanti na sayar da ƙananan magunguna ne a cikin kwalinsu. Allura da ƙarin ruwa ba sa ciki. Amma wa bai taɓa ganin leda rataye a ƙusa a bayan kanti ba, mutum kwance a tabarma? Mutanenmu kuma suna son haka, in ba a tsira musu allura ba gani suke ba a yi komai ba. Sai batun jabu. A 2024 hukuma ta matsa wa dillalan magani na Sabon Gari a Kano su koma sabuwar kasuwar Dangwauro don a san inda kaya ke fitowa, amma kafin kwali ya iso ƙauye ya bi hannu uku ko huɗu, ya sha rana a bayan babur. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 magani ya yi tsada, wanda ya fi araha shi ke tafiya, kuma araha ba ta ado. Ko ba komai ka duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai ƙare aiki, ka ƙi karɓar ƙwayar da aka zazzage daga gwangwani.

Asibitin kuɗi na birni ba zan daɗe a kansa ba, don kaɗan daga cikinmu ke iya kaiwa. Akwai sauri, akwai tsabta, akwai "sannu Baba, zauna nan". In hoto kake so ko gwajin da aka ce ka dawo bayan sati uku a na gwamnati, a nan yau-yau za a yi. Aibinsa kishiyar na gwamnati ne: can ba a damu ka dawo ba, nan kuwa so ake ka daɗe. A ƙananan cikinsu kusan kowa ya shiga sai an ce taifot da maleriya, sai an ɗaura ruwa, don ruwa da gado su ne riba. Sau da yawa kuma likitan da ya duba ka da yamma shi ne wanda ka kasa gani da safe a na gwamnati. In ciwo ya ci tura, su da kansu za su rubuta maka takarda zuwa asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, a lokacin kuwa kuɗin akuya sun ƙare.

Akwai fagen da gwamnati ba ta da abokin gasa ko kaɗan. Allurar rigakafin yara kyauta ce, kuma da ita aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Agusta na 2020. Da mashaƙo ya ɓarke a Kano a 2023, yaran da ba a yi wa rigakafi ba su suka fi shan wuya. Maganin tarin fuka na wata shida kyauta ne, haka na cuta mai karya garkuwar jiki. Maganin kariya daga zazzaɓi da ake bi gida-gida ana ba ƙananan yara duk wata a damina, wane ɗan kasuwa ne zai yi wannan yawon? A asibitin Jahun, ƙungiyar likitoci na-gari-na-kowa ta MSF tana aiki tare da ma'aikatar lafiya tun 2008 a kan haihuwa da gyaran yoyon fitsari, mata na zuwa daga nesa. A Nuwamba 2024 kuma ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, abin da ya kamata miji ya tambaya a kai tun ranar awon farko. Sai dai a lura, yawancin waɗannan abubuwa akwai hannun masu ba da tallafi daga waje a ciki, kuma da gwamnatin Trump ta rushe hukumar ba da tallafi ta Amurka, USAID, a 2025 an ga cewa tuwon maƙwabci ba abin dogaro ba ne.

Yanzu mu dawo kan kati da akuya. Buhari ya sa hannu a dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa a watan Mayu na 2022, kuma Kano da Jigawa kowace tana da hukumarta ta taimakekeniya. Sunan ya fi kwanta mini fiye da inshora, don abin kamar gayya ne: masu lafiya da yawa su zuba kaɗan-kaɗan, a ɗauki nauyin 'yan kaɗan da suka kwanta. Hukuma tana biyan asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mai kati, ko ya zo ko bai zo ba. A nan alherin yake, a nan kuma matsalar take. In kuɗin suka makara, mai kati ne zai fara jin "babu", wani lokaci ma a fi sakar wa mai tsabar kuɗi fuska. Kati ba ya biyan kurkura, ba ya ciyar da mai jinya, ba ya buɗe kwaɗo da dare.

Akuya kuwa tana haihuwa, kuma kuɗinta na shiga ko'ina. Aibinta ke nan. Taki zai zo, biki zai zo, Sallah za ta zo, kowanne yana kallonta. In ma ta tsira, lokacin da zazzaɓi ya fi kwantar da yara, daga Agusta zuwa Oktoba, shi ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa kowa ke jan dabbarsa kasuwa, dillali kuma da ya ga idonka ya san a matse kake. Sannan sau ɗaya ake sayar da ita. Mahaifinmu ya yi shekara shida da hawan jini, magani kullum, awo duk wata. Irin wannan ciwo, da ciwon suga, da sikila, garke guda suke ci a hankali. Ga gidan da ke da irin wannan mara lafiya, ko mace mai haihuwa, ko yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kati ya fi akuya nesa ba kusa ba, ko da rabin maganin kawai ake samu. Ga saurayi mai jini a jika wanda ke tafiya ci-rani Legas wata shida, kati ɗaure da asibitin ƙauye ba zai yi masa wani amfani ba, gara ya riƙe dabbarsa.

Na ce wa ƙanena kada ya miƙa ko sisi sai ya yi tambayoyi. Wane asibiti za a ɗaura shi a kai, kuma ana kwana a cikinsa? Ya je da kansa bayan magariba ya gani, kada ya tambayi kowa. Mutum nawa katin ya ɗauka? A tsarin ma'aikatan tarayya miji ne da mace ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mai mata biyu da 'ya'ya tara kuwa dole ya san lissafinsa tun wuri, kada kati ya haɗa masa faɗan kishiyoyi. Yaushe zai fara aiki bayan an biya? In aka tura shi babban asibiti, katin zai bi shi? Ya karɓi rasit, kada ya damƙa kuɗi a hannun wani don kawai ya sa riga mai tambari. Ya kuma binciki jerin marasa ƙarfi da ake yi wa rajista kyauta daga asusun nan na kashi ɗaya, don gwaggonmu da ke zawarci ta cancanta, kuma a wasu wuraren in ba ka yi magana ba sunayen 'yan gaban goshi ne ke cika takardar. Kowace mazaɓa tana da kwamitin da ke sa ido a kan ƙaramin asibitinta. Namu dattawa ne da ba su taɓa tambayar dalilin kwaɗon nan ba, na ce masa ya nemi shiga.

Ya ce, "To Yaya, kai dai faɗa mini guda ɗaya." Na ce ciki da haihuwa, rigakafi, tari da ya wuce sati biyu, da duk ciwon da ke kai mutum kwance, asibitin gwamnati, kome tsawar nas. Zazzaɓi, a fara gwaji a ƙaramin asibiti, in babu maganin a saya cikakke a kemis da takarda a hannu. Asibitin kuɗi a bar shi don hoto ko gwaji na gaggawa, ko ranar da ake yajin aiki, kuma a tambayi farashi tun a bakin ƙofa.

Bai bi maganata duka ba. Ya yi wa matarsa da ƙananan yara biyu rajista, ya ce shi da babban ɗansa Allah zai tsare. Ragowar kuɗin bai kai akuya ba, sai ya sayo ɗan bunsuru. Ya ajiye lambar mai kurkura a waya, ya kuma je aka gwada rukunin jininsa, tunda matar tana da ciki wata biyar. Satin da ya wuce ya kai ƙaramar 'yarsa da zazzaɓi. Sun yi awa uku a benci, aka soki yatsa, aka ba su maganin kwana uku a kan kati. Na ruwa mai saukar da zafin jiki kuwa aka ce ya ƙare, ya tsaya ya saya a kemis a hanyar dawowa.